Kan maganar sandar kurket da kuka ce in sayo

Salam ƙanena, ya gida, ya su Hajiya, ya sanyin Zariya. Na ga hoton da ka turo na sandar kurket ɗin da ku 'yan kulob ɗinku na Samaru kuke so, mai tambarin Gray-Nicolls. To kafin ku fara haɗa kuɗi bari in gaya maka yadda harkar take a nan Birmingham.

A nan shago guda ne sukutum ba a sayar da komai sai kayan kurket, yawanci na 'yan Pakistan ne da Indiyawa, kuma ba wanda zai hana ka taɓawa, ka ɗaga wannan ka ajiye ka ɗaga waccan, mai shagon ma da kansa zai miƙo maka tsohuwar ƙwallo ko gudumar katako ka bubbuga ka ji ƙarar itacen. Ciniki ne dai babu irin namu na Sabon Gari, abin da aka rubuta shi za ka biya, sai in an yi rangwame bayan kakar wasa ta ƙare a watan Satumba. Mu kuwa a gida in ka shiga shagon kayan wasanni daga bal sai jesi sai but, kurket sai dai ka yi oda daga Legas a aiko maka abin da ba ka taɓa riƙewa ba, wannan kam yana damuna sosai, don sanda biyu masu nauyi ɗaya a sikeli sai ka ji ɗaya kamar ba komai a hannu ɗaya kuma tana jan ka ƙasa.

Itacen iri biyu ne. Akwai wilo (sunan bishiyar da ake sassaƙa sandar da ita ke nan) na Ingila, mara nauyi, ƙwallo na tashi a kansa da kyau, shi manyan 'yan wasa ke riƙewa, mai daraja ta ɗaya yana haura fam 400 cikin sauƙi. Akwai na Kashmir, ya fi nauyi da tauri, kuɗinsa bai kai ko kusa ba, kamfanonin birnin Meerut na Indiya irin su SG da SS suna yin sa da yawa. Ana duba layukan da ke fuskar itacen, a miƙe ake son su, daga 6 zuwa 12, masu layi da yawa suna saurin yin daɗi amma ba sa daɗewa.

Ni dai a ganina na Kashmir ya fi dacewa da ku wallahi. Filinku ƙasa ce mai tauri ko siminti, sanda ɗaya yara goma ke karɓa-karɓa, ga hunturu da ke busar da katako har ya tsage. Da a zuba kuɗin duka a kan guda ɗaya ta Ingila gara a samu uku ko huɗu, har da saiz 6 da saiz ɗin da ake kira Harrow na yara, don saiz SH, wato mai gajeriyar ƙota, ta manya ce, ta yi wa ɗan shekara 12 tsawo. Nauyi kuma kada ya wuce kilo 1.2.

Inda suka fi mu nesa ba kusa ba shi ne hidimar bayan saye. Sabuwar sanda ba a shiga fili da ita haka nan, sai an shafa mata man linsid, wato man shafa wa katako, an daddake ta da guduma kusan awa shida, a nan inji ke yi a shagon, su manna mata roba a gindi da leda a fuska. In ƙota ta karye su sa sabuwa. Kafintocinmu na Tudun Wada sun iya aiki, amma ƙotar nan da rattan (wani ice mai lanƙwasa mai kama da gora) da roba ake haɗa ta, ba su da kayan.

Zan sa a yi musu duk wannan kafin in taho, in haɗo da kwalbar mai da robar ƙota ta canji. Ka auna min tsayin yaran ka turo, kuma don Allah kada a riƙa barin su a but ɗin mota cikin rana.