Filtar Yamaha mai raba ruwa da fetur a injin kwale-kwale: tana aiki, amma tana da iyaka

A Amurka kusan duk fetur ɗin gidan mai E10 ne, wato kashi 10 cikin ɗari etanol. Etanol, wani nau'in alkohol, na janyo danshi daga iska. Idan ruwa ya kai kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari, sai ya haɗe da etanol su kwanta a ƙasan tanki, daidai inda bututu ke zuƙar mai. Ban da haka yana kankare tsohon dattin tanki ya tura shi kafireto, yana kuma cin tsohon tiyon roba.

Filtar nan mai tace dattin da girmansa ya kai maikiron 10 (kashi ɗaya cikin ɗari na milimita) ana ɗaura ta tsakanin tanki da injin kwale-kwale. Datti da ɗigon ruwa kam tana kama su sosai. A shafa wa robar bakinta ɗan man inji, a ɗaure da hannu, a sauya ta bayan awa 50 na aiki. Aibinta, gwangwaninta ba ya nuna ruwan da ya taru, sai an kwance an juye a kwalba.

Idan mai ya riga ya rabu, wato ruwa da etanol sun kwanta a ƙasa, filtar ba ta da magani, sai an kwashe tankin kaf. E15 kuwa, wato fetur mai kashi 15 cikin ɗari etanol, an haramta zuba shi a injin jirgin ruwa a Amurka.