Waƙar shafe ko waƙar yanke: wacce ta dace da 'yan aji biyar?

Wata malama daga Ƙaura Namoda ta tambaya: yaranta sun kusa sittin, tana son su fitar da waƙa daga tsohuwar jarida, to shafe kalmomi ya fi ko yanke su a manna?

Malama, ga wannan ajin shafewa ta fi.

A waƙar shafe, yaro zai zaɓi kalmomi shida zuwa goma a shafi, ya baƙanta sauran. Kalmomin ba sa gusawa daga inda aka buga su, kuma nan amfanin yake. In ya zagaye "yarinya" a layi na biyu, dole ya gangara ya nemo "ta". In "ya" kaɗai ya tarar, sai ya koma sama neman "yaro" ko "manomi". Kafin ya gama ya karanta sakin layin sau huɗu ko biyar ba wanda ya tilasta masa, jinsin kalma, wato namiji ko mace, kuma ya zauna masa. A ce labarin ya ce "Manoman Bakolori sun ce ruwa ya sauka da wuri bana, shinkafa ta yi kyau", yaro na iya barin "ruwa ya sauka, shinkafa ta yi kyau".

Inda ake ɓata aikin shi ne miƙa wa yara alƙalamin maka tun farko. Su fara zagayewa da fensir, kowa ya karanta wa na kusa da shi, sannan a baƙanta. Takardar jarida ba ta da kauri, tawada tana ratsawa, don haka a sa kwali a ƙasa, ko a yi da baƙar kala. Kada ki ba su shafi cikakke, sakin layi mai kalmomi kamar ɗari ya isa.

Waƙar yanke kuwa tana barin yaro ya jera kalmomi yadda ya so, shi ya sa ta fi wa 'yan aji biyu da uku sauƙi. Sai dai tana cin almakashi da gam da lokaci, iskar hunturu tana watsa guntayen, ƙananan kalmomi irin su "na", "ta", "da" su ne farkon ɓacewa, jimla ta fito gurguwa. In za ki gwada ta, ki yanko manyan kanun labarai tun daga gida, kalmomi 20 a ambulan ga kowane yara biyar. Kada a bari su zo da reza.

Ko wacce kika ɗauka, ki duba shafin gaba da baya kafin ki raba. Wanda ke da aya, hadisi ko sunan Allah, a ware shi gefe.