Tashi da fasinja: ka fuskanci lema ko ka ba ta baya?

Ƙanena, cikin hanyoyi biyun da ka tambaya, wato ka ɗaga lemar tashi sama (paraglider) kana fuskantarta sannan ka juyo, ko ka ba ta baya ka ruga a guje, ta farkon zan zaɓa maka, muddin akwai iska ko da mai kaɗa ganye ce.

Lemar mutum biyu ƙatuwa ce. Tawa ta kai murabba'in mita 41, kuma irinta kan ɗauki nauyi har wajen kilo 220, matuƙi da fasinja da kaya duka. In ta cika da iska ja take da ƙarfin gaske, ga kuma mutum ɗaure a gabanka wanda bai san komai ba. Idan kana fuskantarta, idonka na kan kowace igiya tun tana ƙasa. Wata safiya cikin hunturu muna gwaji a wani fili gefen Gulbin Maraɗi, ɗan yayana ne fasinja, na ɗan ja ta ta miƙe kamar katanga, sai na hango igiyoyin birki na hagu, waɗanda ake ja don juya lema ko rage mata gudu, sun manne wuri guda. Ƙarangiya ce ta kama su. Na sauke ta, na durƙusa na tsince ƙayar ɗaya bayan ɗaya, tana sukar yatsuna. Da baya na ba ta, da sai ta hau a karkace ta fizge mu hagu kafin in san abin da ke faruwa. A ƙasarmu da ƙarangiya ke ko'ina, wannan kaɗai ya ishe ni hujja.

Shi fasinja yana kallon inda iska ke fitowa, kai ne kake juyowa, maɗauran da suka haɗa ku da lemar sun giciye a gabanka. Ta zo saman kai, ka taɓa birki kaɗan don kada ta wuce gaba ta rushe, ka juya ta gefen da ya warware giciyen, sannan ka ba da umarnin gudu. Ka saba wa kanka juyawa ta gefe guda kullum.

Amma rabin aikin a bakinka yake. Tun kafin ka ɗaure shi ka gaya masa: za ka ji an ja ka baya, ka bi ta taki ɗaya ko biyu ba tare da ka faɗi ba, kada ka yi tsalle, kada ka zauna a kujera sai na ce, ka ci gaba da gudu ko da ƙafarka ta bar ƙasa. Mutum in ya ji an ɗaga shi kaɗan, zama yake so ya yi, kuma wannan zaman ne ke kayar da mutum biyu.

Ba ta baya kuwa, sai ranar da iska ta mutu murus. Da kafaɗa kake jin lemar, ba ka ganinta, ga gudu mai tsawo da wani a gabanka. Ka iya ta, shi ke nan.

Maraɗi shimfiɗaɗɗiya ce, ba dutsen da za a tashi a kai, sai da inji mai farfela ko injin ja mai sakin igiya a hankali. Don Allah kada wani ya ce maka a ɗaura igiya a bayan mota, kisan kai ne. Gwaji kuma da sassafe, kafin iska ta fara bugu, ka nisanci tsakar ranar bazara saboda guguwa. In kana son ganin gwanaye, akwai bikin Kwahu a Gana, da ake yi lokacin Ista tun 2005, ana tashi daga dutsen Odweanoma a Atibie a sauka Nkawkaw.

Sai masu sayar da tsofaffin lemomi a Facebook. Hoto ba ya nuna ƙyallen da rana ta cinye har iska na ratsa shi, kuma irin wannan lema noƙewa take a baya ta ƙi hawa, kowace hanya ka bi. Ka nemi takardar binciken ƙarshe, ka duba tambarin EN, wato shaidar gwajin inganci ta Turai, da iyakar nauyi a jikinta, lemar ceto ma ta zama ta mutum biyu. Wanda ya ce takarda ta ɓace, ka riƙe kuɗinka. Kuma kada ka ɗaure kowa a gabanka sai malamin da ya koya maka ya ba ka shaidar ɗaukar fasinja.