Sharhi kan sashen da ya gano ruwan da ke zubo mini ba fitsari ba ne

Wata 3 da cire mini mahaifa, sai ruwa ya fara zubo mini ta gaba, tsararo, wani lokaci da ɗan jini-jini. Kullum cikin ƙunzugu nake. Inda aka yi mini aikin suka ce ciwon sanyi ne, suka ba ni magani har sau biyu, shiru. Ni kuwa tuni zuciyata ta tafi kan yoyon fitsari, ko barcin kirki ba na yi.

Da aka tura ni sashen mata da mafitsara na wani babban asibiti, abin da ya fara burge ni shi ne likitar ba ta yi saurin yanke hukunci ba. Ta sa mini auduga uku a gaba, ta zuba ruwa mai launin shuɗi cikin mafitsara ta roba, ta ce in zagaya na ɗan lokaci. Audugar ta jiƙe, amma babu shuɗi ko ɗigo, wato mafitsara ba ta huje ba. Saura bututun da ke kawo fitsari daga ƙoda, wanda shi ma tiyata kan taɓa shi. Sai ta ɗebi ruwan aka auna kiriyatinin, wani sinadari da ƙoda ke tacewa daga jini zuwa fitsari. In fitsari ne, zai ninka na jini sau da yawa. Nawa ya zo daidai da na jini. Hoton CT ma ya nuna bututun fitsarin biyu lafiya suke.

"Ba fitsari ba ne, Hajiya," in ji ta. Wallahi sai da na yi hawaye.

Ashe bakin bututun ƙwai ne ya leƙo ta wajen ɗinkin, shi ke tsiyayar da ruwan. Ja ne kamar tsiron naman da ke fitowa a miki, shi ya sa ake ruɗewa. Sai da aka gutsiri kaɗan aka duba a na'ura aka tabbatar. An cire bututun ƙwan ta ƙananan huji a ciki, ruwan ya tsaya.

Ƙorafina biyu ne. Jiran sakamako ya yi tsawo, kuma babu wanda ya gaya mini fitsarina zai fito shuɗi bayan gwajin, na firgita a banɗaki ni kaɗai. Duk da haka zan tura 'yar'uwata wurinsu ba fargaba, amma ta riƙe takardar bayanin tiyatarta, don takardar ce abin da likitar ta fara tambaya.