Stevenson ko Nápoles: wane ne gwarzon damben Kyuba?

Ɗan uwa, ka tambayi wanda ya fi kowa a 'yan damben Kyuba, da kuma ko zinaren Olamfik ya kai kambun masu damben kuɗi daraja. Sai an raba su gida biyu tukuna, domin a 1962 gwamnatin Castro ta haramta damben kuɗi, ba a sake buɗe ƙofarsa ba sai a 2022. Duk wanda ya taso a tsakani, ko dai ya zauna ya yi wa ƙasarsa dambe, ko ya tsallake teku.

Cikin waɗanda suka zauna, gardamar ba ta wuce mutum biyu ba. Teófilo Stevenson ya ci zinare a 1972 da 1976 da 1980, Félix Savón kuma a 1992 da 1996 da 2000. A gasar duniya Savón na da shida, Stevenson uku. A lissafi Savón ne gaba, amma ni Stevenson nake ba wa. Kyuba ta ƙaurace wa Olamfik na 1984 da 1988, alhali a 1986 Stevenson, yana da shekara 34, ya sake lashe gasar duniya. Ka nemi karawarsa a Olamfik na 1972 a Munich da Ba'amurke Duane Bobick, wanda ya taɓa doke shi a 1971. Za ka gan shi dogo, tsaye ƙyam, yana auna mutum da hagu, sai dama ta sauka kamar guduma. A turmi na uku alƙali ya tsayar da wasan. An yi masa tayin miliyoyin daloli ya kara da Muhammad Ali, ya ƙi barin gida.

A damben kuɗi, Kid Chocolate ne ɗan Kyuba na farko da ya ɗauki kambun duniya, a 1931. Kid Gavilán ya riƙe nasa daga 1951 zuwa 1954, kuma ba a taɓa gamawa da shi kafin ƙarshen wasa ba. Duk da haka zuciyata na wurin José Nápoles, wanda ya koma Meziko bayan haramcin. Laƙabinsa Mantequilla, wato man shanu, saboda santsin motsinsa. Ya ƙwace kambu daga hannun Curtis Cokes a 1969. Matsalarsa fatar gira, nan da nan take tsagewa, kuma ita ta sa ya rasa kambun a 1970. Ya ƙwato shi a 1971, ya riƙe har 1975.

In ka matsa mini in ɗauki ɗaya, Nápoles zan ɗauka, domin an gwada shi a turmi 15, Stevenson kuwa turmi uku ya saba. Cikin waɗanda suka ɗanɗana damben Olamfik da na kuɗi akwai Guillermo Rigondeaux: zinare a 2000 da 2004, sannan ya doke Nonito Donaire a 2013. Sai dai bai samu ya isa Amurka ba sai a 2009, yana da shekara 28, kuma wannan jinkirin yana ba ni takaici har yau.