Littafin koyon Go ga wanda ya riga ya iya kod: na Kernighan ko na Bodner?

Ƙanena, na ga tambayarka tun la'asar, sai yanzu da aka kawo wuta na samu zama. Ka ce shekararka bakwai kana rubuta PHP da Java, yanzu aiki ya kai ka ga yaren kod na Go, kuɗin littafi ɗaya gare ka, kuma an nuna maka guda biyu: The Go Programming Language na Alan Donovan da Brian Kernighan, da Learning Go na Jon Bodner. Duka biyun na karanta. Na farkon har bangonsa ya yage saboda yawo a jakata tsakanin Mabera da Runjin Sambo.

Nahawun Go ba zai ba ka wahala ba, ka cire wannan daga ranka. Kalmomin da yaren ya keɓe wa kansa 25 ne kacal, na Java sun ninka haka. Mutum irinka kwana biyu sun ishe shi. Hannunka ne matsalar. Ka taɓa ganin direban da ya shekara goma yana jan mota mai giya a hanyar Illela, aka ba shi otomatik? Ƙafarsa ta hagu ba ta daina laluben kuloci. Haka na yi a aikina na farko da Go: kowane ɗan abu sai na ƙera masa intafes, wato jerin ayyukan da dole abu ya iya yi, na yi ta neman hanyar da wani ajin kod zai gaji halayen wani alhali yaren ba shi da ita, da na rasa try da catch ɗin da ake tare kuskure da su a Java kuma sai na koma watsa panic, mai tsayar da manhaja cak, ko'ina. Abokin aikina ya duba, ya yi dariya, ya ce wannan ai Java ce ta aro rigar Go. Saboda haka kai ba littafin da zai gaya maka mene ne luf kake nema ba, wanda zai koya maka ɗabi'ar mutanen garin kake nema. In ka je gari ka tarar kowa da jela, kai ma sai ka nemi taka.

Na Donovan da Kernighan ya fito a 2015, kusan shafi 400, babi 13. Kernighan shi ne dai wanda suka rubuta littafin yaren C tare da Dennis Ritchie a 1978, kuma hannun bai canza ba. Ba ya ɓata maka lokaci. Tun a babin farko ka rubuta manhajar da ke tsamo layukan da suka maimaitu a fayil, ka zana hoto mai motsi, ka jawo shafuka da yawa daga intanet a lokaci guda, ka tayar da ƙaramar sabar. Mai fara koyo zai nutse a nan, kai kuwa za ka ji an girmama ka. Babi na 7 kan intafes, da na 8 da na 9 kan gorutin, wato ƙananan ayyukan da ke gudana a lokaci guda, da tashoshin da suke aika wa juna saƙo da yadda ake kiyaye bayanan da ayyuka da yawa ke taɓawa tare, har yau ban karanta bayanin da ya fi su daɗi ba. Atisayen cikinsa ma ba na wasa ba ne, wasu sai ka kwana a kansu.

Sai dai shekaru. An rubuta shi a zamanin Go 1.5, kuma ruwa da yawa ya wuce tun daga nan. Ƙunshin context, wanda kusan duk sabar da za ka taɓa a wurin aiki tana amfani da shi wajen yanke aikin da ya daɗe, ya shigo ne a 1.7, shekarar 2016, don haka babu shi a ciki. Tsarin modul, wanda ke kula da kod ɗin wasu da manhajarka ta dogara da shi, ya fara a 1.11 a 2018. Naɗe kuskure cikin wani kuskure da %w ya zo a 1.13. Jenarik kuwa, wato rubuta aiki ɗaya da zai karɓi nau'o'in bayanai daban-daban, sai Maris na 2022, a 1.18. Littafin zai ce ka saita GOPATH, wato inda Go yake neman kod ɗinka a kwamfuta, ka jawo misalansa yadda ake yi a da, Go ɗin da za ka sauke yau kuma fayil ɗin go.mod na tsarin modul zai tambaye ka. Ni ban duba shekarar bugu ba kafin in fara, na cinye dare guda da rabin datata ina zargin kwamfutata, batir yana ƙasa, zafin watan Afrilu yana sama. Laifina ne.

Ga wani misali da zai nuna maka girman abin. Ka rubuta luf ɗin for mai ƙirga daga 0 zuwa 2, a kowane zagaye ka tayar da gorutin da zai buga lambar. A tsohon Go sau da yawa 3, 3, 3 za ka gani, domin dukansu ma'ajin lamba ɗaya suke kallo, kafin su farka luf ya gama. Littafin 2015 ya ware sashe guda yana gargaɗi a kan wannan tarko. To daga 1.22, Fabrairun 2024, kowane zagaye yana da nasa ma'ajin, za ka ga 0 da 1 da 2, ko da ba a jere ba. Gargaɗin da ya ceci mutane shekara takwas ya zama tarihi, sai ga wanda go.mod ɗinsa ke nuna tsohon zubi. A yi adalci dai: tun Go 1.0 a 2012 masu yaren suka ɗauki alkawarin ba za su karya tsohon kod ba, shi ya sa mafi yawan misalan littafin har yanzu suna tashi. Abin da ya tsufa kewayen ne da kayan aikin.

Na Bodner ya fara fitowa a 2021, bugu na biyu a farkon 2024. Tun daga bangonsa ya faɗi manufarsa, wato ya koya maka rubuta Go irin yadda 'yan gida ke rubuta shi, kuma ya ɗauka ka riga ka iya wani yare. A nan ya fi dacewa da ciwonka. Zai ce maka aikin da ka rubuta a kod ya karɓi intafes amma ya mayar da ainihin tsari, ya kuma gaya maka dalili. Zai nuna maka me ya sa if err != nil ɗin nan na duba kuskure da zai gundure ka a makon farko ba ƙauyanci ba ne, da kuma wuraren da bai kamata ka tayar da gorutin ba ko da hannunka yana ƙaiƙayi. Modul, jenarik, context, gwajin kod, duk suna da babinsu. Rubutunsa bai kai na Kernighan armashi ba, misalansa gajeru ne, ba irin waɗanda za ka tuna bayan shekara biyar ba. Amma abin da ka karanta da dare shi za ka tarar a kod ɗin abokan aikinka da safe.

In ni ne kai, mai kuɗin littafi ɗaya da aikin da ke jira, Bodner zan saya. Ka lura da kyau ya zama bugu na biyu, domin na farkon ya riga fitowar jenarik, abin da ke ciki hasashen yadda za ta zo ne kawai. Da dala ake sayen waɗannan littattafai, ba abin da za ka so ka biya sau biyu ba ne.

Kafin ka fitar da ko sisi, ka yi A Tour of Go. Kyauta ne, masu yaren ne suka shirya shi, ana iya sauke shi a kwamfuta ya yi aiki ba tare da intanet ba, abin da mu nan muka san darajarsa. Babin farko na littafin Kernighan ma marubutan sun sake shi kyauta, ka karanta ka ji ko salon ya yi maka.

Sauran babukan kuma ba sai ka saya ba. Nawa yana nan, in ka biyo ta Mabera bayan magariba ka karɓa, ka karanta na 7 zuwa na 9 ka dawo min da shi. Shayi ya zuba a wasu shafukan babi na 8, amma ana iya karantawa.