Sharhi a kan takalmin Vans Old Skool da mutumin da ya kafa kamfaninsa

Tun daminar bara nake amfani da kambas na Vans, samfurin da ake kira Old Skool, baƙi mai farin layi a gefe, kuma ra'ayina shi ne duk darajar takalmin nan a tafinsa take. Roba ce mai kauri, launin ƙasa-ƙasa, an yi mata ƙananan ramuka gida-gida kamar saƙar zuma, kuma tana kama siminti da fedar keke yadda ƙafa ba ta zamewa. Ba ɗinki ne ya haɗa tafin da saman ba. Ana haɗa su ne sannan a gasa a tanda mai zafi har robar ta riƙe yadin, shi ya sa har yanzu nawa bai buɗe baki ba, duk da cewa dunduniyar ta fara cinyewa ta gefen da nake jingina nauyina.

Mutumin da ya kafa kamfanin Vans shi ne Paul Van Doren, wanda aka haifa a jihar Massachusetts ta Amurka a 1930. Ya bar makaranta yana ɗan shekara 14, daga baya mahaifiyarsa ta sama masa aiki a masana'antar takalma ta Randy's inda ita ma take aiki, ya fara daga ƙasa, ya yi ta hawa har ya zama mataimakin shugaban kamfani. Da aka tura shi Kalifoniya don ya farfaɗo da wata masana'antarsu da ke tafka asara, sai ya ƙara tabbatar da abin da ya daɗe yana lura da shi, wato mai yin takalmi yana shan wahala, mai kanti kuma yana kwashe riba. Saboda haka a ranar 16 ga Maris 1966, shi da ƙaninsa James da abokansu Gordon Lee da Serge D'Elia suka buɗe Van Doren Rubber Company, wanda daga baya ya zama Vans, a garin Anaheim, masana'anta da kanti a wuri ɗaya, ba dillali a tsakani.

Labarin ranar farko, kamar yadda kamfanin ke bayar da shi, ya nuna irin ƙarancin shirin da suka fara da shi. Mutum 12 ne suka zaɓi takalma da safe, aka yi musu a ranar, suka dawo da yamma su karɓa, sai aka tarar babu canji a kanti. Van Doren ya ce su tafi da kayansu su kawo kuɗin washegari, kuma dukansu sun kawo. Mafi tsadar takalmin a lokacin bai kai dala 5 ba.

Bai yi takalminsa don masu wasa ba, amma matasan Kalifoniya masu tsere a kan katako mai ƙananan tayoyi su ne suka gano cewa tafin yana manne wa katakon, suka mai da shi nasu. A 1976 biyu daga cikinsu, Tony Alva da Stacy Peralta, suka taimaka aka fitar da samfurin Era, shekara guda bayan nan kuma Old Skool ya fito da layin gefen nan, wanda asalinsa zane ne da Van Doren ya yi da hannunsa. Kamfanin ya faɗa bashi a 1984 bayan ya bazu cikin yin takalman wasanni iri-iri, aka biya bashin, aka sayar da shi a 1988, kuma tun 2004 yana hannun VF Corporation, wani kamfanin tufafi na Amurka. Van Doren ya rasu a 2021 yana da shekara 90.

Sanin wannan tarihi ya taimaka mini wajen yi wa takalmin adalci. Tafin a shimfiɗe yake, abin da ke sa mai tsere ya ji katakon a ƙarƙashin ƙafarsa, don haka wanda zai wuni yana zagaya kasuwa, ko mai ciwon tafin ƙafa, gara ya ƙara masa shimfiɗa mai laushi a ciki ko ya nemi takalmin gudu. Ga zuwa ofis da makaranta da gajeriyar tafiya kuwa, ban ga abin kushewa ba, kuma yana shiga da wandon jins kamar yadda yake shiga da ƙaramin kaftani. Gaban takalmin da dunduniyarsa fata ce mai gashi-gashi wadda ke kama ƙurar hunturu, kuma na ga busasshen buroshi ya fi ruwa da sabulu yi mata amfani.

Jabunsa ya yi yawa a kasuwa, kuma hanyar da na fi amincewa da ita ita ce a ɗaga shi a hannu, domin na ainihi yana da nauyi, jabun kuwa sakayau ne, yana warin gam. Abu ɗaya da zan sauya in zan sake saya shi ne samfurin. Mutumin da ke cire takalmi sau biyar a rana a ƙofar masallaci yana gajiya da kwance igiya da ɗaure ta, saboda haka Slip-On, mai irin wannan tafin amma ba igiya, shi ne zai fi dacewa da ni.